Maraba da Baki: Yadda Muka Zubar da Ƙugiyarmu

Yau da fushi na zauna rubutu, don haka duk wanda maganata ta taɓa ya yi haƙuri, amma ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Makonni uku da suka wuce aka yi bikin 'yar yayata a Kafanchan. Da sassafe muka tashi daga Kujama, muka bi ta Kachia da Zonkwa, muka isa ana cikin kafa rumfuna. Abin da na fara cin karo da shi a ƙofar wurin taro shi ne wani ƙaton ƙyalle mai sheƙi, irin wanda inji ke bugawa, ga hoton ango da amarya, ga furanni, a samansa kuma an rubuta da manyan haruffa masu ruwan zinare: MARABA DA BAKI. Baki dai, wanda ake cin tuwo da shi. Wani kawunmu ya dubi rubutun ya ce ai gaskiya aka faɗa, tunda yawancin waɗanda suka zo, ci ya kawo su. Kowa ya fashe da dariya. Ni ban yi ba, domin kuwa daga aljihuna kuɗin ƙyallen nan ya fita, kuma da hannuna na rubuta wa mai aikin kalmar "baƙi" a takarda, da ƙugiyarta.

Washegari na je shagon da aka yi aikin. Yaro ne mai ladabi, mai saurin hannu a kan CorelDraw. Ya ce da ni, "Yallaɓai, wannan salon ba shi da ƙ. Na gwada sakawa sai ta fito siririya, kamar ba 'yar gidan ba, shi ya sa na cire. Ai kowa zai gane." Maganganu uku ya yi. Biyu na farko gaskiya ne tsantsa. Ta ukun ita ce cutar da ke cinmu, kuma ba shi ya ƙirƙiro ta ba, daga bakin manyansa ya ji ta.

Bari in yi wa mai karatu bayani kaɗan. Duk rubutun da ka gani a littafi, ko a waya, ko a fosta, wani mutum ne ya zauna ya zana kowane harafi a cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita kaurinsu da tsayinsu da tazarar da ke tsakaninsu har suka zama 'yan gida ɗaya. Wannan jerin haruffa masu kama da juna shi nake kira zubin haruffa, saboda a zamanin da da narkakkiyar dalma ake zuba su. Times New Roman zubi ne, Arial zubi ne. Idan wanda ya zana zubin bai san da Hausa a duniya ba, ba zai zana ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan ka buga su, kwamfuta za ta aro daga wani zubin ta cusa, sai ka ga harafin ya tsaya a tsakiyar kalma kamar haƙorin makka a bakin jariri.

To amma ƙugiyar nan ba daga sama ta faɗo ba. A farkon rubutun boko, ɗigo ake sawa a ƙarƙashin harafi, ko wata 'yar alama a gefensa, don bambanta waɗannan sautuka. A shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke jan ragamar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, kuma littattafai da jaridun Zariya, har da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, su suka saba wa idon jama'a da su. Ka tuna fa lokacin ƙarfe ne. Kowace ƙ, babba da ƙarama, sai an zuba ta daban a kowane girman rubutu. Mutanen da ba su da lantarki na kirki sun ɗauki wannan wahala, mu da ke da kwamfuta a aljihu mun ce ai kowa zai gane.

Ba a daina ƙoƙari ba bayan haka. A shekarun 1980, Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki aikin samar da jerin haruffa guda da zai ishi harsunan Nijeriya, aka ɗora a kan shawarar Farfesa Kay Williamson, Edward Oguejofor da Victor Manfredi suka yi aikin zubin, Bajamushen nan Hermann Zapf, wanda ya zana Palatino da Optima, ya taimaka musu. A shekarun 1990 kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin Hausa na kwamfuta, Rabi'at da Abdalla, a lokacin da na'urorin buga rubutu ba su san da ƙugiya ba. Marubuta da maɗaba'u da yawa da su suka rayu. Dabarar wancan zamani ita ce a ɓoye harafi mai ƙugiya a gurbin wani maɓalli da Hausa ba ta cika amfani da shi ba. Shi ya sa idan rubutun ya bar kwamfutar da aka buga shi, za ka ga "qasa" da "xaya" da "varawo", ko kuma ka ga "}asa" da "]aya". Wannan dabara ta yi ranarta a lokacinta. Amma tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafin duniya lambarsa, ya tanadi gurbin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ tun farkon shekarun 1990. Gurbi yana nan. Masu zana abin da za a sa a gurbin ne muka rasa.

A nan zan fara da kaina, kafin in nuna wani da yatsa. Shekara goma sha ɗaya na yi a Ingila, mafi yawansu a wata maɗaba'a ina shirya shafuka. Da na dawo gida, na dawo da zubin haruffa dubbai a cikin kwamfuta, da kuma girman kai wanda ya fi su nauyi. A ganina ni ne na zo in koya wa mutanen Kujama yadda ake rubutu mai kyau. Mu 'yan dawowa haka muke. Mukan sauka daga jirgi da tunanin cewa duk abin da ba mu gani a can ba, babu shi.

Akwai wani dattijo kusa da tasha, mai rubuta allunan shaguna da jikin manyan motoci. Tun ina firamare nake ganinsa da buroshi da gwangwanayen fenti. Da na dawo na tarar injin buga ƙyalle ya cinye masa kasuwa, sai ɗan rubutun bayan Keke Napep da lambar gida. Wata rana na kai masa wata ƙ da na haɗa a kwamfuta, ina taƙama. Abin da na yi shi ne na yanko kan f na liƙa wa k. Ya karɓi takardar, ya manna ta a jikin bango, ya ce, "Ɗana, ƙetare titi ka duba." Na ƙetare. Daga can ƙugiyar ta yi kama da hular aro, ta fi ƙarfin kan da aka ɗora ta. Da na dawo ya tsoma buroshi a fenti, ya ja ƙ ɗaya a jikin kwali ba tare da ya ɗaga hannu ba tun daga ƙugiya har gindi. Ya ce, "Ba liƙa ta ake yi ba. Daga jikin harafin take tsirowa." Na ce, "Baba, wa ya koya maka?" Ya ce maigidansa, a Kafanchan, shi ma da buroshi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni har jirgin sama na hau.

Daga ranar muka ƙulla. Kowace Asabar, yara bakwai da suka gama sakandare suna zama a barandar shagon Baba. Kayan aikinmu buroshi mai faɗin baki, da kwalayen da 'yan tireda suka zubar, da alli, da kyamarar waya, da tsohuwar kwamfutata mai ɗauke da FontForge, manhajar zana haruffa wadda kyauta ce ga kowa. Sharaɗi ɗaya muka sa: ba wanda zai taɓa kwamfuta sai ya yi wata guda yana ja da hannu. Burinmu shi ne mu mayar da hannun Baba zubin haruffa cikakke, wanda za a iya bugawa da shi.

Ya kai mai karatu, abin da yaran nan suka koya a wata huɗu, ban koye shi a shekara goma sha ɗaya na shirya shafuka ba. Mun fara da n da o, domin daga jikinsu ake cire yawancin ƙananan haruffa: n ta haifi m da h da u da r, o ta haifi b da d da c da e. Sun gano da idonsu cewa idan o ta tsaya daidai kan layi ɗaya da n, sai ta yi kamar ta fi ta ƙanƙanta, dole a bar ta ta ɗan zarce layin sama da ƙasa. Sun gano cewa kauri da sirantar harafi daga karkatar bakin buroshi suke fitowa, ba ado ne da ake ƙarawa daga baya ba. Batun tazara kuwa, Baba ba ya amfani da rula. Cewa yake a ɗauka gero ake zubawa a tsakanin kowane harafi da maƙwabcinsa, kowane gurbi ya ci mudu ɗaya. Malaman zane a Turai ma abin da suke koyarwa ke nan, sai dai su ba da gero suke misali ba.

Sai muka zo kan abin da babu littafin Turanci da zai gaya maka. Ƙugiyar ɗ dama take lanƙwasawa, saboda haka a kalmomi irin su "kuɗi" da "faɗi" da "ɗinki" takan yi karo da ɗigon i, sai an rage mata tsawo ko an buɗa tazara. Manyan Ɓ da Ɗ kuwa ƙugiyarsu hagu take fita, tana cin filin harafin da ya gabace ta. Turawa masu zana haruffa suna da kalmar gwaji da suke bugawa, Hamburgefonstiv. Mu namu gwajin shi ne "ɓaɓɓake" da "ɗaɗɗaya" da "ƙoƙari" da "tsattsaura". Hausa cike take da a, don haka idan a ɗinka ba ta yi kyau ba, shafin gaba ɗaya ya lalace. Sannan alamar da ke cikin "'ya'ya" da "sana'a" da "jama'a" a wurinmu harafi ce mai cikakken matsayi, alhali manhajojin rubutu kan ɗauke ta alamar buɗe zance su juya ta baibai a farkon kalma. Wa zai lura da waɗannan in ban da mai harshen?

Wata yarinya a cikinsu, 'yar asalin Zangon Kataf, ta ƙara buɗe mana ido. Ta ce tana so ta rubuta sunan mutanenta yadda suke rubuta shi, A̱tyap, da ɗan layi a ƙarƙashin harafin farko. Muka gwada a zubi da yawa, layin ya dinga zamewa gefe. Dalili shi ne a tsarin Unicode wannan layi alama ce daban da ake ɗora wa harafi, kuma sai mai zubin ya sa wa kowane wasali madogarar da layin zai kama. Ta zauna ta yi wa namu. Harshen Tyap yana da Wikipedia tasa tun 2022, mutane suna rubutu da shi kullum. Mu a kudancin Kaduna, inda yaro ke tashi da Hausa a kasuwa da wani harshen a gida, matsalar ninki biyu ce.

Abu na ƙarshe da suka koya shi ne wanda ya fi ba ni sha'awa: harafi yana da murya. Baba ba ya rubuta allon mai shayi yadda yake rubuta na kemis. Na mai shayi masu ƙiba ne, ja da rawaya, da inuwa a gefe, suna kiranka tun daga nesa. Na kemis a miƙe suke, ba kwalliya, domin a cewarsa rubutun magani ba ya dariya. Na bayan tirela kuwa cikinsu a buɗe yake sosai, saboda wanda zai karanta yana gudu ne cikin ƙura. Yaron da ya gane wannan ya daina zaɓen zubi don kawai yana da ƙyalli.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini a fuska.

Za a ce Bahaushe yana ganewa daga jimla. Sau da yawa haka ne. To yaron aji biyu da ke koyon karatu fa? Wanda Hausa harshensa na biyu ne fa, kamar dubban mutane daga Kujama har Kagoro? Ka rubuta "sabo" kana nufin "saɓo", ka rubuta "fada" kana nufin "faɗa", ka rubuta "kasa" kana nufin "ƙasa". A takardar wayar da kan masu juna biyu, "bari" da "ɓari" ba abin dariya ba ne. Kuma ku gaya mini, wane Bafaranshe ne zai yarda a buga masa katin biki an zubar da alamomin kan wasulansa a ce ai zai gane?

Za a ce ai yanzu akwai zubin da ke da ƙugiya, me ya kai mu wahalar zanawa? Gaskiya ne akwai. Charis da Gentium da Andika na SIL suna da su, Noto na Google yana da su, Arial da Times New Roman na Windows ma sun samu daga baya, allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Duk wanda ke buga littafi ko jarida ba shi da sauran uzuri. Amma waɗannan na karatun shafi ne. Mai katin biki da mai fostar siyasa da mai allon shago haruffan ado suke nema, kuma yawancin waɗannan an zana su ne don kasuwar Turai da Amurka. A nan ƙugiya ke mutuwa, a kan titi, inda jama'a suka fi ganin rubutu. Bayan haka, mallakar zubi dubu ba ya ba mutum ido. Ni shaida ne.

Za a ce babu kuɗi a ciki. Ban yi wa kowa alkawarin arziki ba. Amma ku dubi Legas. Wasu matasa da ke kiran kansu Afrotype sun ɗauki salon rubutun jikin motocin danfo suka mayar da shi zubi mai suna Danfo, ya shiga Google Fonts a 2024. A shekarar ne kuma Ojuju na Chisaokwu Joboson ya shiga. Sun dubi titinsu sun ga dukiya. Har salon ajamin Kano an mayar da shi zubi mai suna Alkalami, amma SIL ce ta yi. Madalla da su, sai dai ina tambaya: mu muna ina? A Gini, 'yan'uwa biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suna yara suka ƙirƙiro rubutun Adlam na Fulfulde a 1989, suka bi shi har ya shiga Unicode a 2016. Su haruffa sukutum suka ƙirƙira. Mu uku ko huɗu kawai aka ce mu riƙe.

Za a kuma ce, ana fama da tsadar abinci da masu garkuwa da mutane, kai kana maganar ƙugiya. Wannan ita ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. A ƙaramar hukumar Chikun nake kwana, na san abin da ake nufi da jin ƙarar babur da tsakar dare. Ƙugiya ba za ta tsare hanya ba. Amma yara bakwai da ke zaune ranar Asabar suna koyon sana'ar da ke buƙatar haƙuri da ido, ba na jin sun ƙara wa matsalar komai. Kuma ban taɓa ganin inda aka ce a daina rubuta sunan mutum daidai sai an samu zaman lafiya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a wannan yanki namu aka taɓa yin irin wannan tunani. Uche Okeke, ɗaya daga cikin manyan masu zane na Nijeriya, a Kafanchan ya yi firamare, a nan kuma ya fara kafa cibiyar al'adu da daga baya ta zama Asele Institute. Shi da abokansa, irin su Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya a 1958, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon malamansu Turawa kawai ba, za su haɗa dabarar da aka koya musu da zanen gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo ya gina aikinsa a kai. Abin da suka yi wa zane, shi nake cewa a yi wa harafi. Ulinmu yana jikin tirela, yana allon mai shayi, yana hannun tsofaffin da muke wucewa a tasha ba ko sannu.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba daga gwamnati ba. Mai ba da aiki, idan an kawo maka kati ko fosta babu ƙugiya, kada ka biya sai an gyara. Ni na biya, kuma na yi kuskure. Masu shagon kwamfuta, ku ware zubi goma masu ƙugiya ku riƙe su, ku daina cewa babu. Malaman zane a kwalejoji, ku sa kowane ɗalibi ya zana zubi ɗaya cikakke da harshen uwarsa kafin ya karɓi takarda, ku kuma gayyato masu rubutun allo su shiga aji a matsayin malamai, a biya su. Duk mai waya, ka ɗauki hoton tsofaffin allunan garinku kafin a rufe su da ƙyallen inji. 'Yan'uwana mazauna waje kuma, masu aiko da kwamfutoci gida, Allah Ya saka, amma in kun zo hutu ku zauna a benci ku saurara tukuna.

Zubin namu bai kammala ba. Lambobi sun rage, babbar Ƙ har yanzu tana ba mu wahala, ko suna ba mu raɗa masa ba. In ya kammala za mu sake shi kyauta a ƙarƙashin lasisin Open Font License, da sunan Baba a jikinsa, kuma na riga na yi alkawarin kwafin farko na yaron nan na Kafanchan ne. Na kira shi na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yallaɓai, ranar Asabar ƙarfe nawa kuke farawa?"

Ƙarfe tara muke farawa. Wanda zai zo ya zo da kwalinsa.

Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.